Ƙaramin Jirgin Da Ya Hau Dutse: Tarihin Dogon Zariya Zuwa Jos

Duk wanda ya buɗe taswirar hanyoyin jirgin ƙasa na Nijeriya zai ga dogo ya fita daga Zariya ta fuska uku. Ɗaya ya yi kudu zuwa Kaduna, ɗaya ya nufi Kano, na uku kuwa ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda. Abin da taswirar ba za ta nuna masa ba shi ne, a zamanin kakanninmu hanyoyin nan huɗu ne. Akwai wani siririn dogo da ya fita ta kudu maso gabas, ya ratsa Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Rahama, ya isa Jengre a gindin duwatsu, daga nan ya kama hawa har Jos da Bukuru. Turawa sun sa masa suna Bauchi Light Railway, wato ƙaramin dogon Bauci. An fara shimfiɗa shi cikin 1911, ya kai ƙarshensa cikin 1914, aka rufe shi cikin 1957.

Sunan nan kansa yakan ruɗa ɗalibai, domin jirgin bai taɓa zuwa garin Bauci ba. Dalili shi ne a wancan lokaci ƙasar Jos tana cikin Lardin Bauci, Turawa kuma suna kiran duwatsun nan tudun Bauci. Sai cikin 1926 aka yanke Lardin Filato. Garin Bauci kuwa bai ga jirgi ba sai bayan samun mulkin kai, da aka ja sabon dogo daga Kuru wanda ya isa Maiduguri cikin 1964.

Kuza ce ta jawo shi

Tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar nan, mutanenmu sun san kuza sun kuma san aikinta. Maƙeran Ririwai ta ƙasar Kano da na Liruwen Dalma ta ƙasar Bauci suna wanke yashin rafi su tace baƙin tsakin kuza, su narka shi a matoya, su zuba shi sirara kamar tsinke. Fatake ke ɗaukar waɗannan tsinkaye zuwa kasuwanni masu nisa, kuma a hannunsu ma'aikatan Kamfanin Neja suka fara ganinta a bakin kogin Binuwai, suka shiga tambayar inda take fitowa. Cikin 1902 kamfanin ya aiko mai bincike, cikin 1903 kuma wani injiniya mai suna H. W. Laws ya hau tudun da rakiyar soja, aka kafa sansanin haƙa a wajejen Naraguta. Kafin 1910 labari ya game birnin Landan, kamfanoni suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, kowa na neman fili a kan dutse.

To, samun kuza daban, fitar da ita daban. Hanyar da ake bi a farko ita ce ta Loko, a bakin Binuwai, tafiyar wajen mil 200 a ƙasa, kuma a kan mutane ake ɗora kayan. Ƙa'idar kayan ɗan dako a lokacin laba 60 ne. Tan ɗaya kuwa laba 2,240 ne, ke nan sai an sami ƙarti 37 ko 38 kafin tan ɗaya tak ya motsa, kuma kowannensu sai ya ci abinci a hanya, zuwa da dawowa, har tsawon makonni. Haka nan injunan haƙa da kwanon rufi da kayan abincin Turawa, duk a ka suke hawa dutsen. Mai karatu ya auna da kansa yawan mutanen da za a raba da gonakinsu idan ana son fitar da tan dubu biyar a shekara.

A daidai wannan lokaci ne babban dogo yake matsowa daga kudu. Cikin 1907 aka fara aikin dogon Baro zuwa Kano, a zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgi ne da ya yi wa sojan Ingila aikin dogo a Sudan. Auduga ake hange da wannan dogo, don masaƙun Ingila, amma da ya isa Kano cikin 1911 sai manoma suka zaɓi gyaɗa. Wannan wani labari ne. Abin da ya shafe mu shi ne, da dogo ya wuce Rigacikun ya shigo Zariya a farkon 1911, sai masu haƙar kuza suka ga ashe ga jirgi nan kusa da su. Da farko an share hanya daga Rigacikun zuwa Naraguta, 'yan dako suka koma bin ta. Amma kamfanoni suka matsa wa gwamnatin Gwamna Hesketh Bell lamba, suka ce dogo suke so.

Gwamnatin Arewa ta wancan zamani ba ta da kuɗi, da tallafin baitulmalin Ingila take tafiya. Saboda haka aka yanke shawarar a yi dogo mai araha. Faɗin babban dogo, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafunan nan biyu, ƙafa 3 da inci 6 ne. Na Bauci sai aka yi shi ƙafa 2 da inci 6. Akwai kuma wani dalili: gwamnati tana da ragowar kayan wani ɗan ƙaramin dogo mai wannan faɗi, wanda Lugard ya sa aka shimfiɗa cikin 1901 daga Wushishi zuwa Zungeru, aka ƙara shi zuwa Barijuko, don kai kaya hedkwatarsa daga bakin kogin Kaduna. Da babban dogo ya zo, wancan ya zama ba shi da amfani, sai aka kwaso kawunan jirginsa aka kawo Zariya. Ashe tun ran gini ran zane, da kayan gwanjo aka fara.

Cikin 1912 jirgi ya fara zuwa Rahama, kusa da Saminaka, wajen mil 90 daga Zariya. Nan ya tsaya na ɗan lokaci, 'yan dako suna sauko da kuza daga kan dutse suna haɗuwa da shi. Daga baya aka ci gaba, ya bi ta Jengre ya hau, ya isa Jos a mil 133, ya ƙare a Bukuru a mil 143 cikin 1914, shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa.

Su wa suka yi aikin?

Takardun Turawa sun adana sunayen gwamnoni da injiniyoyi. Waɗanda suka sare daji, suka fasa dutse, suka ɗauki ƙasa a kwando suka cike kwari, talakawan Zazzau ne da na maƙwabta, kuma akasarinsu ba da son ransu suka je ba. Tsarin da aka bi a aikin dogon Arewa shi ne Razdan ya gaya wa Sarki adadin mutanen da ake bukata, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya bi gida gida. Mutum ya yi makonninsa a bakin aiki, a sallame shi, a kawo wasu. Ana biyansu lada, gaskiya ne, kuma da sababbin kuɗin Bature ake biya, su sule da kwabo da anini, waɗanda gwamnati take son su kori wuri daga kasuwa, ta kuma karɓe su a haraji. Amma wanda aka ɗauke daga gonarsa da damina, ladan bai cika mayar masa da abin da ya rasa ba. Masanin tarihi Michael Mason ya yi rubutu a kan wannan aikin tilas na shekarun 1907 zuwa 1912, ya kamata ɗalibanmu su neme shi.

Sarkin Zazzau na lokacin shi ne Malam Aliyu ɗan Sidi, wanda ya hau gadon sarauta cikin 1903, bayan Turawa sun tuɓe Sarki Kwasau, ya yi mulki har 1920 sa'ad da shi ma suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja. A wuyansa nauyin tara mutanen nan ya faɗa, na babban dogo da na ƙarami. Da yake malami ne kuma fasihi, cikin waƙoƙin da aka san shi da su akwai Waƙar Diga, wadda ya yi a kan aikin dogo. Kalmar diga kanta a bakin wannan aiki ta zauna da gindinta cikin Hausa, ita da su lebura da tasha da tikiti.

Yadda jirgi yake hawa tudu

Zariya tana bisa ƙafa 2,000 da ɗoriya daga gaɓar teku, Jos kuwa wajen ƙafa 4,000. Daga Zariya zuwa Rahama ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, sai rafuffuka da fadamu da 'yan duwatsu jefi-jefi. Wahalar tana daga Jengre, inda bangon tudun ya miƙe gaban matafiyi.

Jirgin ƙasa ba ya son tudu, ga kuwa dalili. Ƙafar ƙarfe ce take gudu bisa ƙarfe, santsinsu shi ne amfaninsu, domin a miƙaƙƙen fili ƙarfin da bai kai laba 10 ba ya isa ya ja tan guda. Amma a ce dogo yana ɗagawa ƙafa ɗaya cikin kowace ƙafa 50, wanda mai tafiya a ƙasa da ƙyar zai lura da shi, to kowane tan zai ƙara neman ƙarfin laba 45 don hawan kawai. Wato kan jirgin da ya ja taragu goma a fili, a wannan ɗan tudun biyu za su ishe shi. In kuwa aka matsa masa, ko ruwan sama ya jiƙa dogo, sai ƙafafunsa su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Shi ya sa kowane kan jirgi yake da akwatin yashi, direba yana zuba wa dogo don ƙafa ta kama.

A waɗansu ƙasashe an warware wannan matsala da dabaru iri iri. A birnin Pittsburgh na Amurka, da ma'aikata suka rasa wurin zama a bakin kogi suka koma kan tudu, cikin 1870 aka yi musu jirgi mai igiya: taragu biyu ɗaure da igiyar ƙarfe ɗaya, in ɗaya yana hawa ɗaya yana sauka, nauyin wannan yana taimakon wancan, kamar guga biyu a kan rijiya ɗaya. Hong Kong ta yi irinsa cikin 1888. A Suwizalan kuwa sai suka sa ƙarfe na uku mai haƙora a tsakiyar dogo, jirgi yana cizonsa yana hawa. Amma waɗannan na gajeriyar tafiya ne, na ɗaukar mutane. Wanda zai ja kuza mil ɗari da wani abu ba shi da zaɓi sai ya bi dutsen da lallashi, ya zaga nan ya kewaya can, yana tsawaita hanya don ya rage tsananin hawa. A nan ne siririn dogo ya fi babba, domin yana iya shan kwana mai tsanani, ya bi jikin dutse yadda yake, ba sai an fasa shi ko an yi doguwar gada ba. Abin da aka biya a madadin wannan sauƙi shi ne ƙananan taragu, da ɗan kaya, da tafiyar hawainiya, ga tsayawa shan ruwa a tasha bayan tasha.

Ba mu kaɗai Ingila ta yi wa irin wannan dogo ba. A Saliyo dogon gwamnati ƙafa 2 da inci 6 aka yi shi, har da wani reshe da aka buɗe cikin 1904 daga tsakiyar Firitawun zuwa unguwar Turawa da ke kan dutse, don ma'aikatan gwamnati su riƙa kwana nesa da sauro. Motoci suka kashe shi cikin 1929. A Indiya ma dogon Kalka zuwa Shimla, wanda aka buɗe cikin 1903, faɗinsa ɗaya da namu.

Abin da ya yi wa Zariya

Yanzu bari mu dawo gida, domin a nan ne labarin ya fi shafarmu. Da yake faɗin dogayen biyu ba ɗaya ba ne, taragon da ya taso daga Bukuru ba shi da ikon wuce Zariya, wanda ya taso daga Ikko ko Baro shi ma haka. Kowane buhun kuza sai an sauke shi daga ƙaramin tarago an ɗora a babba. Kowane injin haƙa, kowane buhun gishiri, kowace gwangwanin kananzir da za ta hau dutse, sai an sauke an sake lodi. Fasinja ma dole ya sauka ya jira. Ga kamfanonin kuza wannan hasara ce ta kuɗi da lokaci, kullum suna kuka da ita. Ga Zariya kuwa abinci ne. Leburori, da akawuna masu rubuta kaya, da makanikai, da masu gadi, da masu sayar da tuwo da masu ba da masauki, duk sun sami abin yi a dalilin inci 12 da suka raba dogon nan biyu.

Sai dai fa duk wannan hada-hada a bayan ganuwa aka yi ta. Turawa ba su shigo da dogo cikin birni ba. Sun kafa tasha da kantuna da barikinsu a arewa, hayin rafin Kubanni, 'yan mil kaɗan daga fadar Sarki. Ma'aikatan jirgi na farko akasari mutanen Kudu ne, da na Saliyo da Gwalkwas, waɗanda suka riga mu karatun boko, tsarin mulkin Turawa kuma bai yarda su zauna cikin birni ba. Don haka aka yanka musu Sabon Gari a gefen tasha. Baƙi 'yan Arewa waɗanda ba Zage-zagi ba kuwa suka taru a Tudun Wada, tsakanin Ƙofar Doka da rafi. Kamfanin auduga na Ingila ya kafa injin gurza kusa da dogo, kamfanonin ciniki suka jera kantunansu. Da aka ƙara reshen Gusau, wanda ya kai Ƙaura Namoda cikin 1929, Zariya ta zama mararrabar hanyoyi huɗu, abin da ko Kano ba ta samu ba.

Birni kuwa ya ci gaba da abin da ya gada: sarauta, da malanta, da ɗinki da rini da sauran sana'o'in hannu. A ganina a nan ne aka raba garin gida biyu, iko da asali suka zauna cikin ganuwa, sabon kuɗi ya zauna a waje. A da, ayarin fatake da ya taso daga Kano zuwa Nufe ko Keffi ta ƙofofin birni yake shiga, a kasuwar birni yake sauke kaya, fatoman birni ke cin ribarsa. Da jirgi ya zo, sai kaya suka riƙa wucewa ta bayan gari ba tare da sun ga Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana ba. Duk abin da aka kafa daga baya, kamar Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada cikin 1945, da Kwalejin Barewa da ta dawo Zariya cikin 1949, da Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru cikin 1962, bayan ganuwa ya sauka. Ba za a ce ƙaramin jirgi kaɗai ya jawo haka ba, amma yana cikin waɗanda suka fara karkata garin zuwa arewa.

Ƙauyukan da ke kan hanya su ma sun ga canji. Dubban leburorin da suka taru a sansanonin kuza ba sa noma, sai an kai musu abinci, ƙasar tudun kuwa ba ta iya ciyar da su. Dawa da gero na gabashin Zazzau suka sami kasuwa, tashoshi irin su Soba da Dutsen Wai da Rahama suka zama wuraren tara hatsi. Da kaka ta wuce, samari su shiga jirgi su tafi cin rani kan dutse, su haƙo kuɗin haraji da na aure su dawo kafin shuka. A can ƙarshen dogo kuma, Jos, wadda ba ta wuce ɗan ƙauye ba kafin zuwan Turawa, ta shafe Naraguta ta zama babban gari cikin 'yan shekaru.

Shekarar 1927

Ƙaramin jirgin bai daɗe yana cin kasuwarsa shi kaɗai ba. An sami gawayin kwal a Udi cikin 1909, aka shimfiɗa dogo daga Fatakwal zuwa Inugu cikin 1916, aka ci gaba da jansa arewa ta Makurɗi har ya haɗu da na Ikko a Kaduna. Cikin 1927 aka fitar da reshe daga Kafanchan, mai cikakken faɗi, ya hau tudun ta kudu ya shiga Bukuru da Jos. Ɗan guntun da ke tsakanin Jos da Bukuru, mil 10, aka mayar da shi babban dogo.

Lissafin a fili yake. Daga Jos zuwa Ikko ta Zariya wajen mil 750 ne, da sauke kaya a tsakiya. Daga Jos zuwa Fatakwal ta Kafanchan mil 500 ne da 'yan kai, kuma bayan an gama gadar Makurɗi cikin 1932 tarago ɗaya ne zai ɗauki kuza daga bakin rami har bakin teku, ya komo da kwal na tayar da injuna. Ba ɗan kasuwar da zai yi dogon tunani a kan wannan. Daga ranar nan kuzar da aka yi dogon dominta ta juya masa baya.

Duk da haka ya ƙara shekara 30 yana aiki, kuma ina ganin a cikin waɗannan shekaru ne ya zama jirgin talakawa na sosai: mai buhun dawa, da mai kai goro, da ɗan makaranta, da matar da za ta je ganin gida. Ya kuma ga baƙin zamani. Cikin 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, wadda ita ce babbar mai ba Ingila kuza, gwamnati ta kafa dokar aikin tilas, aka riƙa kwasar dubun dubatar manoma daga lardunan Arewa, har da Lardin Zariya, ana kai su ramukan kuza. Cikin 1943 abin da aka haƙa ya wuce tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, ba a kuma sake kaiwa ba. Mutanen da suka saba da zafin ƙasarsu suka tarar da sanyin dutse ba bargo, ba isasshen abinci, da yawa suka mutu, da yawa suka gudu. Sai cikin 1944 aka soke dokar.

Bayan yaƙi motoci suka yawaita, aka gyara hanyoyi. Lori tana tashi lokacin da ta cika, ta tsaya inda fasinja yake so, ta kuma riga jirgi isa. Kawunan jirgin sun tsufa, kayan gyaransu dabam suke da na sauran jiragen ƙasar, ga dogon yana bukatar sabuntawa. Cikin 1955 aka mayar da Ma'aikatar Jiragen Ƙasa ta zama hukuma mai cin gashin kanta, wadda ake sa ran ta riƙe kanta da abin da take samu. Shekara biyu bayan haka, cikin 1957, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, aka rufe dogon, daga baya aka ciccire ƙarafunansa.

Ko an yi daidai? Ta fuskar littafin akawu, ba shakka an yi daidai, domin dogon da ba ya biyan kuɗin kwal ɗinsa ba mai riƙe shi. Amma akwai hanya ta biyu da ba a bi ba, wato a faɗaɗa shi ya zama babban dogo kamar yadda aka yi wa guntun Bukuru. Da an yi haka, da jirgin da ya taso daga Kano ko Gusau zai miƙe zuwa Jos, daga baya har Bauci da Gombe da Maiduguri, ba sai ya gangara Kaduna da Kafanchan ya sake hawowa ba. Da kuma ƙasar Soba da Kubau da Lere, wadda a yau take cikin manyan wuraren noman masara a Nijeriya, tana da dogo a ƙofar gida. Dogayen da Turawa suka bar mana an tsara su ne don kai amfanin ƙasa bakin teku, wanda ya haɗa gari da gari a cikin Arewa bai dame su ba, kuma wannan na ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka yi hakan, ko da yake ba da niyya ba.

Akwai kuma abin lura ga ma'aikatanmu masu tsara ayyuka. Dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe cikin 2016 faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, haka kuma na Kaduna zuwa Kano wanda aka ƙaddamar da aikinsa cikin 2021, wanda aka tsara zai bi ta Zariya. Tsohon dogo kuwa, har da reshen Gusau da Ƙaura Namoda, yana nan a ƙafa 3 da inci 6. Ke nan matsalar da aka sha a tashar Zariya daga 1912, ta dogo biyu da tarago ɗaya ba ya iya bin su duka, tana iya sake dawowa garin. Abin da ya faru a karon farko shi ne kaya sun bi dogon da ba a sauke lodi, ƙaramin kuma ya mutu a hankali. Ya kamata mutanen Funtuwa da Gusau su tambayi abin da aka tanadar wa nasu reshen.

Indiya ta riƙe dogon Shimla, yana ɗaukar fasinja, har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya cikin 2008. Namu kuwa abin da ya rage a gani shi ne kawunan jirgi da taragun da aka ajiye a harabar gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa cikin 1952. Wanda ya tsaya kusa da su zai yi mamakin ƙanƙantarsu, da yadda abu kamar wannan ya ja arzikin ƙasa shekara da shekaru. A Zariya, inda dogon ya faro, yawancin matasan da ke bin hanyar Soba da Pambeguwa zuwa Jos ba su taɓa jin an yi shi ba.

Takardun aikin suna nan a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ga wanda yake da haƙurin buɗe tsofaffin fayiloli. Amma takardun Bature ba za su faɗi sunan da mutanen Dutsen Wai suke kiran jirgin da shi ba, ko nawa ake biya daga Rahama zuwa Zariya da buhu biyu, ko waƙar da leburori suke yi in suna juye kuza a tasha. Wannan sai a bakin waɗanda suka shige shi. Yaron da ya hau jirgin ƙarshe yana ɗan shekara 10, cikin 1947 aka haife shi. Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, Soba kuwa ba ta kai tafiyar awa biyu daga can ba.